Kuɗin Yaƙi da Shaye-shaye: Ina Rabon Magani?

Assalamu alaikum, masu kallo. A farkon shekarar 2019 ne aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, daga masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Tabar wiwi ce a kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai ƙwayoyi irin su tiramadol da mutum miliyan 4.6, kuma a cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu cuta mai buƙatar magani.

Kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan matsalar yana bin hanya biyu, kuma ɗayar ta fi ɗayar faɗi nesa ba kusa ba. Ta farko ita ce ta kamu da gurfanarwa, wadda ke hannun hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, da aka kafa a 1989 a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, Janar Buba Marwa mai ritaya ke shugabantarta tun Janairun 2021. Aikinta a bayyane yake, domin ana ganin buhunan wiwi da katan-katan na ƙwaya da ake kamawa a kan hanya da tashoshin jiragen ruwa. Haka kuma a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Sai dai hana kaya ba ya cire ƙishirwarsa daga jikin wanda ya riga ya kamu. Farashi ne ke tashi, shi kuma ya koma kan sholisho ko wani abin da ya fi araha.

Hanya ta biyu, wato magani, tana cikin kasafin lafiya, kuma a nan gizo ke saƙar. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma abin da tarayya ke warewa ya daɗe yana kai-komo a wajen kashi 5, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa ɗan abin da ya rage take samu. Tsari dai akwai shi a rubuce. An yi babban shirin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025 wanda ya ambaci rigakafi da magani, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Jihar Kaduna ma ta kafa hukumarta ta musamman a kan shaye-shaye.

Amma a duba halin magidanci a Tudun Wada ko Sabon Gari, a nan Zariya, wanda ɗansa ya kamu. Yana iya kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, sai dai kuɗin gado da na magani da na mota galibi daga aljihunsa za su fito, kuma jinyar ta makonni ce ko watanni, bayan an sallamo yaron ma sai an ci gaba da bibiya. Wanda bai da hali sai ya nufi gidan mari. Abin da aka bankaɗo a irin waɗannan gidaje a 2019, a Rigasa da Daura har da nan Zariya, na mutane ɗaure da sarƙa, ya nuna inda rashin gadon asibiti ke jefa iyaye, domin yawancinsu da hannunsu suka kai 'ya'yan, suna biyan kuɗi a kai.

Don haka idan aka gabatar da kasafi a Kaduna ko Abuja, abin dubawa shi ne nawa aka rubuta wa cibiyoyin magani da horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko, sannan nawa aka saki a zahiri kafin ƙarshen shekara, tun da gwamnatin Kaduna tana wallafa rahoton aiwatar da kasafinta duk bayan wata uku.