Yana da takardar fili, amma an shafa wa katangarsa jan fenti

[Hoto: sabuwar katangar bulo, ko filasta ba a yi mata ba, an zana mata gicciye da jan fenti]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi katangar nan da kyau. Bulo ne mai inci tara, siminti bai gama shan iska ba, ga jan fenti ya hau kanta. Duk sanda irin wannan hoton ya fara yawo a Facebook da WhatsApp, sai a nuno mai filin riƙe da satifiket, a yi ta Allah ya isa a ƙasa. Ni ma a da da ni ake yi. Tambayar da kuka fi aiko mana da ita ke nan: mutum da filinsa, da takardarsa a hannu, ta yaya za a ce masa ya rushe?

To, takardun biyu ne. Mu kuma ɗaya muka sani.

[Hoto: takardar mallaka a kan tebur, an rufe suna da lamba]

Ta farko ita ce ta mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A birni gwamna ne ke ba ka haƙƙin zama a fili, a karkara kuma ƙaramar hukuma. C of O ɗin da ake ta nema, wato satifiket, shaidar wannan haƙƙin ce, kuma ta filin gida yawanci shekara 99 ake rubuta mata. A Kano sai ka bi ta ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Abin da takardar nan ke faɗa bai wuce wannan ba: filin na wane ne, ga iyakarsa, ga abin da aka bayar da shi dominsa, ko gida ko kasuwanci.

Ta biyu ita ce izinin gini, kuma ofishinta daban ne. A Kano KNUPDA ce, wadda dattawanmu har gobe KASEPPA suke ce mata. A Kaduna KASUPDA. Kada wanda ya yi gini a Abuja ya ce muku haka abin yake a Katsina, domin ko da yake akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Kowace jiha da nata ma'aunin, da nata kuɗin.

Kamar mota ne. Takardun mota sun nuna taka ce, amma ba su ba ka damar ajiye ta a tsakiyar shataletale ba.

[Hoto: zanen gini, hatimi, rasit, a jere da sauri]

Matakan neman izinin ba zan ɓata muku data a kansu ba. Zanen gini daga mai zane da ke da rajista. Lissafin injiniya in bene ne. Taswirar fili daga safiyo. Kwafin takardar mallaka. A biya kuɗi a karɓi rasit, ma'aikata su zo su ga filin da idonsu, a buga hatimi. Ku tsayar da bidiyon ku ɗauki hoton jerin in kuna so. Ba nan ake faɗuwa ba.

[Hoto: fili fetal, an sauke bulo da yashi, leburori na haƙa]

Inda ake faɗuwa shi ne nan. Mutum ya sayi fuloti, kuɗin gini bai samu ba tukuna, sai ya ce bari in kewaye shi kafin wani ya shigar min. Tunani ne mai kyau, kowa ya san halin da filaye ke ciki. Amma a ransa katanga ba gini ba ce, sai ranar da zai tayar da ɗakuna zai je neman izini. A wurin hukuma kuwa, daga lokacin da ka haƙa tushe ka ɗora bulo, ka fara gini. Ita dokar 1992 ma'anar da ta ba abin ta fi haka faɗi: duk aikin gini a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta, da sauya abin da ake yi da fili, da rushe gini, har kafa allon talla, duk suna ciki. Shi ya sa a jihohi da yawa katanga ma izininta ake nema.

Za ka ce ina ruwan gwamnati da katangata? Ai ta fi damuwa da ita a kan ɗakin kwananka. Ɗaki a cikin filinka yake, in ka karkata shi kai ka jiyo. Katanga kuwa a kan iyaka take, tsakaninka da maƙwabci, tsakaninka da hanyar da kowa ke bi. Taku ɗaya ta fita, ta shiga haƙƙin wani.

[Zane: fuloti daga sama, layuka uku na fitowa ɗaya bayan ɗaya]

Ku kalli zanen nan, layi uku ne. Na farko, baƙin, shi ne iyakar filinka. Ba dillali ne ke nuna shi da ƙafa ba, ba kuma bishiyar darbejiyar da ke gefe ba. Duwatsun awo ne, 'yan guntayen turakun siminti da safiyo ya binne a kowace kusurwa, kowanne da lamba a kansa, lambar kuma tana cikin taswirarka. Katanga ba ta wuce nan.

Na biyu, jan, iyakar hanya. A nan idonmu ke yaudararmu. Muna ganin inda kwalta ta ƙare sai mu ɗauka nan hanya ta ƙare. Alhali hanya a takarda ta haɗa da kwata, da inda masu tafiya a ƙasa za su bi, da turakun wuta, da bututun ruwa, da sararin da aka bari domin ranar da za a faɗaɗa ta. Wannan kangon da ke gaban gidanka, wanda kake ganin ba na kowa ba ne, da mai shi. A manyan titunan tarayya, irin wanda ya tashi daga Kano zuwa Zariya, ƙafa 150 ake aunawa daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wato mita 45 da 'yan kai. Layin wuta ma haka. Manyan turakun nan na ƙarfe masu ɗauke da 330kV mita 50 aka ware musu, 25 kowane ɓari. Masu 132kV mita 30. In dillali ya kai ka fili ka ji wayoyi na tsuwa a saman kanka, kuma ka ji farashin ya yi araha, to dalilin arahar ne kake ji.

Na uku, ɗige-ɗigen nan da ke ciki, layin gini ne. Tazarar da za ka bari tsakanin katanga da jikin ɗaki, gaba da baya da gefe, domin iska da haske, domin in gobara ta tashi kada ta tsallaka, kuma kada indararonka ya riƙa zuba a tsakar gidan maƙwabci. Tazarar ta danganta da jiha da irin unguwar, a jikin zanen da aka buga wa hatimi za ka ga taka.

[Babu hoto a nan, kyamara a kan mai gabatarwa]

Wannan ba mu da hotonsa, sai dai ku saurara. Wani kawuna ya sayi fuloti ƙafa 50 da 100 a bayan gari, awon gwamnati, takardu lafiya lau. Ranar da za a fara katanga ina wurin, ni nake riƙe da bakin igiya. Magini ya duba hagu ya duba dama, ya ce, “Alhaji, ai ba sai an tone-tone ba, mu daidaita da ta maƙwabcinka kawai, layi ya miƙe.” Kawu ya ce, “To Malam, kai ka san aikinka.” Aka buga fegi a jikin katangar maƙwabci, aka ja igiya, aka zuba farar ƙasa a bi layi. Dutsen awon kuwa yana can ƙarƙashin tifar yashin da aka sauke da safe, babu wanda ya ce a kwashe. Katanga ta tashi tsaf, har da ƙofar ƙarfe mai ruwan toka.

Ashe shi maƙwabcin ya fito da kamar taku uku. Shi ma ba da mugunta ba, da na gaba da shi ya daidaita. Shi kuma na gaban Allah kaɗai ya san da wa ya daidaita. Layin ya miƙe kam, sai dai gaba ɗayansa a kan hanya ya miƙe. Da aka tashi yin kwata a unguwar, gida bakwai a jere suka sha jan fenti. Kawu ya ɗauko satifiket ɗinsa, aka buɗe taswirar da ke maƙale a ciki, aka ja tef daga dutsen awo. Takardar da ya kawo ta kare shi, ita ta ba da shaida a kansa. Ya biya kuɗin gini, ya biya kuɗin rushewa, ya sake biyan kuɗin gini. Har yau in aka ambaci maginin nan sai ya yi tsaki, ko da yake in za a yi gaskiya, shi ya ce masa ya san aikinsa.

[Hoto: lungu ƙunci, Adaidaita Sahu na ƙoƙarin juyawa]

Ku yi lissafin da kanku. Na dama ya ci taku biyu, na hagu ya ci taku biyu. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje saboda ba ya son wari a gida. Wani ya fasa katanga ya fitar da shago biyu da rumfar kwano, wanda shi ma sauya amfanin fili ne, izini yake buƙata. Bayan shekara goma hanyar da aka yanka domin mota biyu ta koma wadda ko motar kashe gobara ba ta shiga, kuma ranar da aka yi rasuwa sai an karkata makara. Damina ta zo, ruwa ya rasa hanyarsa, ya bi ta ɗakuna.

Maganar ma ta girmi KNUPDA. Ya inganta a hadisi cewa in aka yi saɓani a kan hanya a bar mata zira'i bakwai, haka kuma an la'anci mai sauya alamomin iyakar ƙasa. Malamai sai su ƙara bayani, ni dai duk sanda na ga lebura ya tumɓuke dutsen awo ya jefar saboda ya tare masa shebur, sai gabana ya faɗi.

[Hoto: gona an yanka ta, fegi-fegi a jere]

Masu awon igiya, na san kuna cewa mu fa? Naku ya fi wuya. Mai gona ya yanka, dillali ya sayar, mai unguwa da shaidu sun sa hannu. Takardar nan shaidar ciniki ce, tana da amfaninta, amma ba C of O ba ce, ba kuma izinin gini ba ce. Lungun da mai gona ya bari shi ya ga dama, kuma kowane taku da ya bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Ranar da gwamnati ta zo da nata tsarin, titi na iya bi ta falonka, ginin da ba shi da izini kuma da wuya a yi maganar diyyarsa. Kafin ka biya, ka ɗauki safiyo ya ɗauko lambobin wurin, a duba a ofis ko an riga an tsara wani abu a kansa.

Ra'ayina kuma, tunda bidiyon nawa ne: hukumominmu ma ba su fita ba. Ana haƙa tushe ba a gan su ba, ana jera bulo ba a gan su ba, sai an kai linta a ga mota ta tsaya da gwangwanin fenti. Fayil ya yi wata da watanni, kuɗin ba a manna shi a bango kowa ya gani ba. Sannan talaka na kallon katangar wani mai hali ta haɗiye kwata ɗungurungum ba a taɓa ta ba. Da wane baki za ka ce masa ya bi doka? Amma dai wannan ba zai mayar maka da bulonka ba.

[Hoto: katangar farko, jan fentin ya cika allo]

In ka wayi gari ka ga jan fenti, yawanci ba yana nufin katafila na hanya yau ba. Cewa ake ka dakata, ka zo da takardunka. Kada ka shafe shi da farar ƙasa, kada ka ƙaro leburori a yi aikin dare, kada kuma ka miƙa wa wanda ya zo da fentin na goro, gobe wani ne zai zo. Ka je ofis da kanka, duk abin da ka biya ka karɓi rasit. In laifinka rashin izini ne kawai kuma katangar na cikin iyakarka, sau da yawa tara ce da gyaran takarda. In a kan hanya take ko kwata ko ƙarƙashin layin wuta, gara ka sa a sauke ta a hankali ka tsira da bulonka da ƙofarka, domin katafila ba ta ware mai kyau.

Wanda kuma ya karɓi izini tun tuni ya ajiye a ƙasan akwati, ya duba kwanan wata. Izini na ƙarewa. A dokar 1992 shekara biyu ce in ba a fara aiki ba, sai an sabunta.

[Hoto: hannu na share ƙasa daga kan wani guntun siminti, lamba ta bayyana]

Ga dutsen awon da nake ta faɗa, mai kyamara matso da kyau. Bai fi tafin hannu ba a sama, sauransa na cikin ƙasa. Lambar nan da ke kansa ita za ka nema a taswirarka, kusurwa huɗu, dutse huɗu. In ɗaya ya ɓace, safiyo ne ke mayar da shi, ba magini ba. Wannan ɗin ma sai da muka yi kusan rabin awa muna tono kafin mu same shi, an zuba masa shara.