Daga Gidan Jinka a Bishkek zuwa Taɓon Sibash: Yadda Frunze Ya Ci Kirimiya

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau ina Bishkek, babban birnin Kirgistan, kuma wannan ginin siminti da kuke gani a bayana ba shi na zo nuna muku ba. Abin da ke cikinsa ne. Ku biyo ni.

Kun gani? Gida ne sukutum a cikin gida. Ginin ƙasa, an shafe shi da farar ƙasa, rufinsa na jinka, tagoginsa ƙanana. A 1967 aka gina wannan babban zauren a kansa don ruwa da ƙanƙara kada su cinye shi. Gidan iyayen Mikhail Frunze ke nan, wanda aka haifa a 1885, lokacin garin yana amsa sunan Pishpek. Mahaifinsa malamin asibiti ne na soja, asalinsa mutumin Moldoba, uwarsa kuma 'yar Rasha. Daga 1926 har 1991 birnin nan gaba ɗaya sunan wannan yaron yake ɗauke da shi.

Abin da nake so ku riƙe tun yanzu: bai taɓa shiga makarantar soja ba. Ɗalibin kwalejin fasaha ne a Petasbag, ya shiga jam'iyyar Bolshebik ta su Lenin a 1904, ya kasance cikin jagororin yajin aikin masaƙu na Ibanobo a 1905, wanda ya kai kwana 72. An kama shi a 1907, sau biyu ana yanke masa hukuncin kisa ana sassautawa, ya yi gidan yari da Saibiriya, ya tsere a 1915. A 1919, lokacin yaƙin basasar Rasha, sai ga shi yana jagorantar rundunonin Jajaye, wato sojan Bolshebik, a gabas, ya karya Admiral Kolchak na ɓangaren Farare, abokan gabarsu, ya karɓe birnin Ufa a watan Yuni.

To ku zo gaban taswirar Kirimiya, don nan ne maganar take.

Kirimiya kusan tsibiri ce. Ƙofarta ta ƙasa siririn wuya ne da ake kira Perekop, kuma an datse shi da tsohuwar ganuwa tun zamanin Tatar da Turkawa, daga wannan ruwa zuwa wancan. A gabanta akwai gwalalo mai zurfin kusan mita 10. Sojojin Janar Wrangel, wato Fararen da ke riƙe da Kirimiya a 1920, suka ƙara masa waya mai ƙaya layi-layi, suka jera mashinga da igwa a bisa. Duk wanda ya san ganuwar Kano ya san ma'anar wannan: mai hawa yana fili, mai tsaro yana ɓoye.

Shirin Frunze na farko ba ta nan ba ne. Ya so ya bi ta gabas, ta Chongar da wani siririn tudun yashi mai suna Arabat, jiragen ruwan yaƙinsa na tekun Azob su rufa masa baya. Sai ƙanƙara ta daskarar da su a tashar Taganrog. Ba jirage, ba wannan hanya, domin jiragen Wrangel za su yi ta ruwan wuta a kan duk wanda ya hau yashin. Dole ya sake lale.

Gabas da ganuwar akwai Sibash, wani tafki mai gishiri da wari, har Rashawa na kiransa Ruɓaɓɓen Teku. Ba shi da zurfi, kuma iska ce ke juya shi. Idan ta buso daga yamma, sai ta kora ruwan gabas, ƙasan ya fito, taɓo mai santsi da ramuka. Idan ta juya, ruwa ya dawo. A farkon Nuwamban 1920 iskar yamma ce ke kaɗawa, ga sanyi kusan digiri 10 ƙasa da sifili, wanda ya ɗan ƙarfafa saman taɓon. Frunze ya raba aikin gida biyu. Runduna ta 51 ƙarƙashin Blyukher ta tunkari ganuwar gaba da gaba, ta riƙe hankalin masu tsaro. Runduna ta 15 da ta 52 kuma su ratsa Sibash da ƙafa, tafiyar kilomita 7 zuwa 8, su fito a yankin Litobski, bayan ganuwar.

Daren 7 ga Nuwamba suka shiga, cikin hazo, ba fitila, ba hayaniya. Ja-gabansu wani manomi ne daga ƙauyen Stroganobka, Iban Olenchuk, wanda ya san inda ƙasa ke ɗaukar mutum da inda take haɗiye shi. Wanda ya kauce wa layi ya nutse. Tufafi suka jiƙe da ruwan gishiri suka daskare a jiki. Manyan igwa ba su ratsu ba, sai ƙanana. Duk da haka kafin gari ya waye sun fito, sun tarar da masu gadi 'yan kaɗan, domin Farare ba su zaci za a biyo ta nan da yawa haka ba.

Nan abu ya fara lalacewa. A ganuwar, hazo ya hana igwa ganin inda za ta harba har wajen tsakar rana, wayar ba ta yanke ba, mutanen Blyukher suka yi ta faɗuwa a kanta, hari bayan hari. Sannan ranar 8 iska ta juya gabas. Ruwa ya fara komowa bayan rundunoni biyu da ba su da ruwan sha, harsashi na ƙarewa, Farare kuma sun kawo ɗauki suna tura su baya zuwa taɓon. Frunze ya yi abu uku a lokaci guda: ya fito da mutanen ƙauyukan bakin tafkin su tare mashigin da abin da ya samu, ya tura mahaya dawakai su ƙetare tun ruwa bai rufe ba, cikinsu har da mayaƙan Nesto Makhno, madugun 'yan tawayen manoman Yukren da ke ƙawance da Jajaye a lokacin, sannan ya umarci Blyukher ya sake hari cikin dare ko nawa za a rasa. Farare da suka ga wuta gaba da baya, suka bar ganuwar kafin asubar 9, suka koma layi na biyu a Yushun. Shi ma ya faɗi ranar 11. Frunze da kansa ya ce ya rasa mutum aƙalla 10,000.

Ranar 11 ɗin ya aika wa Wrangel saƙo ta rediyo: wanda ya ajiye makami an yafe masa. Lenin ya tsawata masa kan wannan sassauci. Wrangel bai amsa ba, ya kwashe mutum wajen 145,000 a jirage 126 zuwa Istambul. Waɗanda suka zauna, da yawansu sun zauna ne don sun ji alkawarin. Aka ce su zo su yi rajista, aka harbe dubbai a ƙarƙashin jami'an Bolshebik Bela Kun da Rozaliya Zemlyachka. Mayaƙan Makhno da suka ratsa taɓon tare da shi, kafin wata ya ƙare Jajaye sun juya musu bindiga. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ba na iya raba shi da sunan mai gidan nan.

Haka ma Bukhara, garin da Imam Bukhari ya fito. Wata biyu kafin Perekop, Frunze ne ya kewaye shi. Kwana huɗu ana luguden igwa da bama-bamai daga jirgin sama, gobara ta ci unguwanni da fadar Ark, hasumiyar Kalon ta sha harsashi, Sarki Alim Khan ya gudu, daga baya ya ƙare a Afganistan. Birnin ya faɗi ranar 2 ga Satumba.

A Janairun 1925 ya gaji Trotsky a shugabancin sojan Tarayyar Sobiyet. Wata tara kawai ya yi. Yana fama da gyambon ciki, shugabannin jam'iyya suka matsa a yi masa tiyata. Ranar 29 ga Oktoba aka shaƙa masa maganin sa barci mai suna ether, bai yi barci ba, aka ƙara masa kulorofom, haɗin da ke illata zuciya. Da aka buɗe cikin sai aka tarar gyambon ya riga ya warke. Ya rasu ranar 31, yana da shekara 40, kuma tun lokacin ake raɗe-raɗin da hannun Stalin, musamman da kujerar ta koma ga na hannun daman Stalin ɗin, Boroshilob.

Bari in matso da kyamara kusa da jinkar nan ku ga yadda aka ɗaure ta.