Safar hannun korona da bashin da ke bayanta

Jama'a, kun tuna lokacin korona, safar hannun roba ɗin nan da duniya ta yi ta wawaso? A lokacin mafi yawanta daga Malesiya take fitowa. To ku zo mu leƙa masana'antar mu ga wa ke yin ta.

Saurayi ne daga Nepal ko Bangladesh. Dillali ya same shi har gida ya ce akwai aiki a waje, amma sai ka biya kuɗin jirgi da biza da la'ada, wani har dala dubbai. Ina zai samu? Sai a jinginar da gona ko a ciwo bashi mai ruwa. Yana sauka aka karɓe fasfonsa, wai za a ajiye masa kar ya ɓace. Shi ke nan fa, an gama da shi. Ba sarƙa a ƙafarsa, ba wanda ya garƙame shi, amma in ya gudu wa zai biya bashin, kuma ba fasfo ina ma za shi, sai ya haƙura ya yi ta aikin awa 12 yana kwana cunkushe da mutane kamar kifin gwangwani.

Wannan shi Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ke kira aikin tilas, kuma a ƙiyasinta na 2021 mutum miliyan 27.6 ne ke ciki.

A Yulin 2020 kwastam ɗin Amurka suka hana shigo da kayan wasu rassan Top Glove, kamfanin Malesiya da ya fi kowa yin safar a lokacin. Sai ga shi ya fara mayar wa ma'aikata kuɗin dillancin. Ashe dai kuɗin akwai, matsi ne babu.

To masu sayen kayan fa, ba su sani ba ne? Hmm. Su dai sun ba da oda, wanda aka ba ya ba wani, wanin ma ya yanka wa wani, kuma masu zuwa bincike sau da yawa an san ranar zuwansu, kafin su iso an share ko'ina.

Ku duba Rana Plaza, wani bene mai masana'antun ɗinkin kaya a Bangladesh, Afrilun 2013. Ana gobe ginin zai rushe an ga bango ya tsage, banki da shagunan ƙasa suka rufe, su kuwa masu ɗinki aka ce su koma bakin keke ko a riƙe albashinsu. Mutum 1,134 suka mutu, kuma a cikin ɓaraguzan aka riƙa tsinto tambarin kamfanonin kayan sawa na Turai da Amurka.