Dutsen da ke bayan haƙoranmu

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Daga Madina nake muku magana, fitowata ke nan daga wajen likitan haƙori, wanki aka yi mini. Na ce bari in kunna waya tun ban manta ba, saboda mutanenmu na can gefen Gumel, musamman su Baffa da goro ba ya barin kumatunsu.

Kun san fari-farin abin nan mai yauƙi da mutum ke kankarowa da farce in ya tashi da safe? To ba ragowar tuwo ba ne kawai. Ƙwayoyin cuta ne suka taru suka manne a jikin haƙori. Sukarin shayi da lemon kwalba da alewa su ne abincinsu, in sun ci sai su fitar da wani tsami mai cinye haƙori a hankali har ya yi rami. Ramin nan shi muke cewa tsutsa ta ci. Babu tsutsar komai, 'yan uwa. Mai turara hayaƙin nan na ranar kasuwa da ke nuna maka tsutsa a kwano, kuɗinka ya ci.

Tun dattin yana da laushi, asuwaki ko buroshi na fitar da shi. In aka bar shi 'yan kwanaki kuwa, sinadaran cikin miyau sai su daskarar da shi ya koma dutse. Ƙanzon tukunya ma ya fi shi sauƙi, don shi in ka jiƙa yana tashi, wannan kuwa ko asuwaki goma ka cinye yana nan. Sa harshenka yanzu a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Ka ji kaushi? Nan ya fi taruwa, saboda a ƙarƙashin harshe miyau ke ɓuɓɓugowa. Dutsen nan shi ke kumbura dasashi, ka tofar ka ga jini, baki ya riƙa wari.

Wankin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Ɗan ƙarfe ne mai rawa da sauri yana fesa ruwa, yana farfasa dutsen, daga baya a goge. Akwai ɗan tsami a haƙori na kwana kaɗan in ka sha ruwan sanyi, sai ya wuce. Na san maganar da ake yi a majalisa, wai wanki na sa haƙori girgiɗi, yana buɗe giɓi. Wallahi na'urar ba ta da laifi. Dutsen ne ya daɗe yana tura dasashi baya, ciwon yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin, dutsen kuma ya cike gurbin. Da an cire shi sai ɓarnar da aka daɗe da yi ta bayyana.

Asuwaki kam ba abin rainawa ba ne, sunna ce, ga shi nan ana sayarwa a kusa da Harami, mu ma a gida ga darbejiya a kowace ƙofa. Matsalarmu, muna saƙala shi a gaba muna hira, matauna na can ciki ba su san an yi ba. A kai shi ko'ina, ciki da waje, har inda haƙori ya haɗu da dasashi. In da hali a haɗa da makilin mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, sau 2 a rana, minti 2, na kafin barci ya fi muhimmanci. Ka tofar kawai, kada ka kuskure da ruwa nan take. Buroshi mai laushi, a sauya shi bayan wata 3. Inna, gawayi da toka kuma a bar su a murhu, fari suke sawa na ɗan lokaci amma kankare haƙorin suke yi.

Baffa, in kun shiga Kano, Asibitin Malam Aminu Kano na da sashen haƙori, ku ce wanki kuka zo. Motar da nake jira ta iso, ku gaida mini kowa da kowa.