Allo da Gawo a Zanen Ibrahim El-Salahi

Masu kallo, duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Kuseri a arewacin Kamaru da rani ya san gawo, itacen da ke tsayawa kore shar a tsakiyar gona lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, sa'an nan ya zubar da ganyensa idan damina ta sauka. Mutanen Sudan suna kiransa haraz, kuma suna da tatsuniyar da ke cewa ya taɓa yin faɗa da ruwan sama, shi ya sa ba sa ga maciji har yau. Wannan itace shi ne Ibrahim El-Salahi, mai zane ɗan ƙasar Sudan, ya duƙufa zanawa bayan ya koma birnin Oxford na Ingila da zama a 1998.

An haife shi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, saboda haka hannunsa ya saba da alƙalami da tawada tun yana ƙarami. A 1954 ya tafi Landan, inda ya yi karatun zane a makarantar Slade har zuwa 1957. Da ya dawo gida ya baje aikinsa a Khartum, sai ya tarar jama'a ba su damu da shi ba, domin zanen irin na Turawa ne, babu abin da ya taɓa zuciyarsu a ciki.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya sa muka shirya wannan bidiyo. Bai zargi mutanensa da rashin wayewa ba. Ya shiga kasuwanni da gidaje yana duba abin da suke ƙawata rayuwarsu da shi, wato adon fata da saƙar tabarma da faifai, da kuma allon da ake yi wa zayyana. Mu a nan mun san wannan zayyana sarai: idan yaro zai yi sauka, ana kai allonsa wurin gwani, ya kewaye rubutun da murabba'ai da da'irori, ja da ɗorawa da baƙi, har ya zama abin ɗagawa sama a nuna wa dangi. El-Salahi ya ɗauki harafin Larabci ya miƙe shi, ya lanƙwasa, ya karya, har ya daina karantuwa, sai fuskoki dogaye da tsuntsaye da jinjirin wata suka riƙa fitowa daga cikinsa, da launuka irin na ƙasar da ya tashi a kanta. A ganina, wannan shawara ta fi duk abin da ya koyo a Landan daraja.

A 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin shugaban Sudan na lokacin, Numeiri, ta tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. A can yakan yi zane a 'yan gutsattsarin takarda, ya binne su cikin yashi idan ya ji motsin gandiroba. Daga nan ya samo dabarar fara babban aiki daga ƙaramin yanki, ya bar shi ya yi ta yaɗo takarda bayan takarda. Bayan sakinsa ya bar ƙasar, ya daɗe a Qatar kafin Ingila, kuma a 2013 gidan baje zane-zane na Tate Modern da ke Landan ya baje aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

Ku dubi zanensa na gawo da kyau. A da yawa daga cikinsu babu ganye, babu ƙaya, babu 'ya'yan nan masu lanƙwasa da makiyayanmu ke kakkaɓo wa awaki da gora. Layi ne guda a tsaye, wasu siraran layuka suna gicciye shi a jere, kamar saɗarorin da almajiri ke rubutawa a allonsa da asuba.