Daga Aji Zuwa Tabarma: Baƙon Malamin Turanci a Ƙasar Tailan

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu leƙa ƙasar Tailan, wadda yawancinmu muka fi saninta a jikin buhun shinkafa, domin mu ga yadda baƙon malami yake koya wa yara magana da Turanci, da kuma abin da yake faruwa bayan an tashi daga makaranta, idan wani gida ya kira shi cin abincin dare.

Tailan ce kaɗai ƙasar kudu maso gabashin Asiya da Turawa ba su yi wa mulkin mallaka ba, saboda haka Turanci bai zauna mata a kotu ko ofis ko kasuwa ba, komai da harshen Tai ake yi. Sai dai Turanci ne harshen aiki na ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, wato ASEAN, wadda aka kafa a birnin Bangkok a 1967, kuma a shekarar 2019 baƙi 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 40 ne suka shiga ƙasar. Iyaye sun ga inda abinci yake. Yaro yana yin shekara 6 a firamare da shekara 6 a sakandare yana karanta Turanci, amma nahawu ne da jarrabawar zaɓen amsa suka fi yawa, har ta kai yakan kammala yana sane da dokokin jimla, alhali idan baƙo ya tambaye shi hanyar tasha sai bakinsa ya mutu. Wannan giɓi ne ya sa makarantu suke ɗaukar malamai daga waje, aikinsu kawai su sa yara su yi magana.

Sharuɗɗan aikin a bayyane suke: digiri na farko, bizar aiki, takardar izinin aiki, da lasisi ko sassauci na wucin gadi daga majalisar malamai ta ƙasar, wadda ake kira Khurusapha. Wanda bai fito daga ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya ba, ana neman ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci irin ta TOEIC. Akwai kuma abin da bai dace a ɓoye wa mai kallo ba: makarantu da yawa sun fi son farar fata, kuma malaman da suka zo daga Filifin ko daga Afirka sukan karɓi albashin da bai kai na Bature ba, ko da sun fi shi takardu da ƙwarewa. Wannan rashin adalci ne, kuma duk mai niyyar tafiya ya kamata ya san da shi tun kafin ya sayi tikiti.

Zangon farko yana somawa a tsakiyar watan Mayu, na biyu kuma a farkon Nuwamba. Da ƙarfe 8 na safe ɗalibai suna jere a fili, ana ɗaga tuta ana rera taken ƙasa. Daga nan malami zai shiga aji, wanda a makarantun gwamnati da dama yakan ɗauki yara 40 ko fiye, darasi kuma minti 50 ne, kuma sau da yawa sau ɗaya a mako baƙon malami yake ganin kowane aji. Ku yi lissafin da kanku. Ko da malamin bai ce uffan ba, idan ɗaya bayan ɗaya za a yi magana, abin da zai kai ga kowane yaro bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba a mako guda. Shi ya sa malamin da ya san aikinsa yake raba aji biyu-biyu ko uku-uku, kowa ya yi magana a lokaci guda, shi kuma yana zagayawa yana saurare.

Amma babbar matsalar ba ta lokaci ba ce. A tarbiyyar mutanen Tailan, jin kunya a gaban jama'a abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma malami yana da girman da ba a saba yi masa gardama ko yawan tambaya ba. Yarinyar da ta san amsa za ta gwammace ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, da a ce ta faɗa ba daidai ba 'yan aji su yi dariya. Ga kuma bambancin harsunan. A harshen Tai aikatau ba ya sauya siffa domin nuna jiya ko gobe, suna ba ya sauya siffa domin nuna jam'i, kuma baƙaƙe kaɗan ne suke iya rufe gaɓa, shi ya sa ƙarshen kalmomin Turanci yakan ɓace a bakin yaro. Malamin da ya tsaya yana gyara kowane kuskure a bainar aji, a sati biyu zai samu aji mai ladabi wanda ba ya magana. Wanda ya haddace gajerun sunayen da iyaye suke kiran yaransu da su, ya bar jimla ta kai ƙarshe kafin ya maimaita ta daidai ba tare da ya nuna mai kuskuren ba, shi ne yake jin muryoyi.

Yanzu mu bar makaranta, mu shiga wani gida a yankin Isan da ke arewa maso gabas, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar suke. Baƙo zai cire takalmi a bakin ƙofa, ya haɗa tafukan hannu a gaban ƙirji ya gaida manya, domin ƙarami ne yake fara gaisuwa. Matar gidan za a ce mata mae, wato uwa, tsohuwar kuma yai, wato kaka. An shimfiɗa tabarma, an jera kwanuka a tsakiya gaba ɗaya, babu wani abinci da yake jiran a gama wani. Ga gasasshiyar kaza, ga wainar ƙwai, ga ɗanyen ganye da kabeji, ga som tam, wato ɗanyar gwanda da aka yayyanka siri-siri aka ɗan daddaka a turmi da barkono da tafarnuwa da lemon tsami da tsimammen ruwan kifi. Kusa da kowa akwai ɗan kwandon gora mai murfi, cike da shinkafa mai danƙo wadda aka jiƙa aka turara. Za ka gutsura da hannun dama, ka mulmula kamar lomar tuwo, ka dangwala a abin da kake so. A tsakiyar ƙasar kuwa, inda ake cin shinkafa mai warwara, cokali ne a dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci, kuma ana ɗiban cokali ɗaya ko biyu daga kwanon tsakiya a lokaci guda. Cika faranti tun farko alama ce ta zari. A zaune kuma mutum yana naɗe ƙafafunsa, don miƙa tafin ƙafa wajen wani raini ne.

A kan wannan tabarma al'amari yake juyawa, kuma a ganina nan ne malamin yake samun horon da babu kwas ɗin da ya ba shi. Shi ne yanzu wanda bakinsa ya mutu. Harshen Tai yana da karin sauti 5, gaɓa ɗaya takan ba da ma'ana daban-daban gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke, abin da ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe, ko da yake namu bai kai nasu yawa ba. Malami zai yi ƙoƙarin yaba abinci ya karkace sauti, gida ya ɗauki dariya, kaka ta maimaita masa kalmar a hankali tana tura masa cinyar kaza. Ya yi kuskure, an yi dariya, kuma ba abin da ya ragu a mutuncinsa. Sannan ga yarinyar nan da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ce ta zama tafinta, domin kakarta tana son sanin ko baƙo yana da mata, ko a ƙasarsu ana noman shinkafa, kuma ba mai iya tambaya sai ita. Turancinta a karye yake, amma yana isar da saƙo, domin a nan akwai abin da ake son sani da gaske kuma babu maki. Malamin da ya lura da haka zai koma aji ya rage tambayoyin da kowa ya san amsarsu, ya sa yara su bayyana masa yadda ake haɗa som tam ko hanyar zuwa kasuwar dare, abubuwan da suka fi shi sani.

Ga mai kallo Musulmi akwai batun halal, kuma ba ƙarami ba ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, naman alade kuma yana shiga miya da romo da soye-soye, wani lokaci har jini ake zubawa a wasu nau'o'in abinci. Hanya mafi mutunci ita ce a sanar da masu gida tun ranar gayyata, ba sai an jera kwanuka ba, domin ƙin cin abin da aka riga aka dafa zai kunyata su. Jimlar da ake faɗa gajeriya ce, mai kin mu, wato ba na cin alade, sannan a ƙara da bayanin yanka, a nemi kifi da ƙwai da ganye. Musulmi suna da yawa a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat na kudu, akwai masallatai a Bangkok da Chiang Mai, kuma Majalisar Musulunci ta ƙasa tana sa tambarin halal a kayan abinci. Akwai kuma gargaɗi na lafiya da ya shafi kowa: ɗanyen kifin ruwan daɗi da ake ci a Isan yana ɗauke da tsutsar hanta, wadda take haddasa sankarar magudanar matsarmama, kuma lardin Khon Kaen da ke Isan yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Dafaffe kawai za a ci.

Idan gayyata ta yawaita, baƙo zai so ya rama alheri. Miƙa kuɗin abinci zai ɓata zumuncin, amma ledar mangwaro ko wani kayan marmari daga kasuwa tana shiga hannu ba tare da nauyi ba. Wata rana kuma uban gida zai nemi a riƙa yi wa ɗansa darasi na musamman ana biya. A nan sai a yi hattara, domin takardar izinin aiki tana ɗaure ne da makarantar da aka rubuta a cikinta, kuma karɓar kuɗin koyarwa a wajenta yana iya jawo tara ko kora daga ƙasar. Ya fi kyau malami ya bayyana wa uban gida wannan doka a fili tun ranar da aka fara maganar.