Darasi: me ya sa kare ke nishi in zai kwanta?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma daga nan Garwa. Wani bawan Allah ya turo mana saƙo daga Marwa, ya ce karen da ke masa gadin garke duk lokacin da zai kwanta sai ya yi wani dogon nishi kamar dattijon da ya sauke kaya, shi dai abin ya fara damunsa, ko ciwo ne?

Toh Malam, yawanci ba komai ba ne. Kare ya kwana yana zagaye yana haushi, gari ya waye ya samu gindin darbejiya ko gefen randa inda ƙasa ke da laima, ya ɗan tona, ya juya sau biyu sau uku sannan ya zube, ka ga ƙirjinsa ya danne ƙasa jiki ya saki, iskar da ke huhu dole ta fito, ita ce wannan ƙarar da kake ji. Ka duba idonsa. In ya lumshe, kunnuwa sun kwanta, ajiyar zuciya ce ta jin daɗi. In kuma ya ɗora haɓa kan ƙafafu ido a buɗe yana binka da kallo, wannan ya sa rai da wani abu ne bai samu ba, ko ƙashi ko fita, ya haƙura. Kuma kar yawan kwanciyar ya dame ka, babban kare yana barcin awa 12 zuwa 14 a rana.

Amma ni abinda nake so ku riƙe, ku daina tsayawa kan nishin kawai, ku kalli tashinsa. Kare mai lafiya in ka kira shi zumbur yake miƙewa. Wanda gaɓoɓi ke ci kuwa, musamman in ya haura shekara 7 ko 8, za ka ga ya fara kafa ƙafafun gaba, ya tsaya, sannan ya jawo ƙugu a hankali, takun farko yana ɗingishi sai jiki ya ɗau zafi ya ware. Kwanciyar ma sai ya daɗe yana juyi kamar mai shawara, ya sauka da kaɗan kaɗan yana nishi. Wannan amosanin gaɓɓai ne, kuma da sanyin hunturu wajen Disamba da Janairu ya fi fitowa. Ni na gani a tsohon karenmu, kan siminti yake kwana, da muka shimfiɗa masa buhu biyu a lungun da iska ba ta bugawa wallahi cikin kwanaki tashinsa ya canja. Abin ya taɓa ni, ashe duk lokacin nan wahala yake sha ba bakin faɗa.

Sai ciki. In ciki ya kumbura alhali haƙarƙari a waje, ga nishi duk kwanciya, a kwikwiyo yawanci tsutsa ce, a babba kuma yana iya zama ruwa ne ya taru saboda zuciya ko hanta. In ko kumburin lokaci ɗaya ya zo, yana kakarin amai ba abinda ke fita, ya kasa zama ya kasa kwanciya, kar ku jira gobe, ku ɗauko moto sai wajen likitan dabbobi.

Ga gwajin da kowa zai iya. Bari ya yi barci a wuri mai sanyi, ba da tsakar ranar Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ba, don lokacin haki yake, da shi yake rage zafin jiki. Ka ƙirga ɗagawar haƙarƙarinsa na sakan 30, ka ninka biyu. 15 zuwa 30 a minti lafiya lau, in kullum yana wuce 30 a kai shi a duba. Ka ɗaga leɓensa kuma, dasashi ya kamata ya zama ja-ja, in ya yi fari fat jini ya yi ƙasa, a binciki kaska a kunne da tsakanin yatsu.

Don Allah kar ku shiga farmasi ku sayo masa ibuprofen ko diclofenac wai tausayi, suna ɓula masa ciki su lalata ƙoda, paracetamol ma sai likita ya auna. Kuma kare mai ciwo ko mai gidansa yana iya cizo, ku hana yara matsa masa ƙugu, in za ku kai shi likita ku tafi da katin rigakafin haukan kare, in ba a yi masa ba ku faɗa wa likita.